Yadda ake ƙetare Mashigin Ingila da iyo don tara kuɗin taimako

Tsakanin Dover ta Ingila da tsinin ƙasar da ake kira Cap Gris-Nez a Faransa akwai ruwa na kusan kilomita 34. Matthew Webb ne ya fara ƙetare shi da iyo a 1875, cikin awa 21 da minti 45, Gertrude Ederle kuma ita ce mace ta farko a 1926. Yanzu duk bazarar Turai mutane suna shiga wannan ruwa, da yawansu don su tara wa asibiti ko marayu ko masu nakasa kuɗi. Na shiga shi cikin tawaga, na shiga shi ni kaɗai, na kuma zauna a jirgin ruwan da ke raka mai iyo ina miƙa wa wasu abinci. Abin da na gani shi ne yawancin waɗanda ake cirowa kafin su kai gaci ba ƙarfin hannu ne ya ƙare musu ba. Sanyi ne ya ci su, ko cikinsu ya ƙi riƙe abinci. Saboda haka a nan zan fi daɗewa a kan waɗannan biyun.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Ƙa'idar wannan mashigi tsohuwa ce: kamfan iyo guda, hular roba guda, tabarau na ruwa. An yarda da matoshin kunne da man shafawa. Ba a yarda da rigar roba mai riƙe ɗumi ba in kana so a rubuta sunanka cikin waɗanda suka ƙetare bisa ƙa'ida. Hukumomi biyu ne ke sa ido, Channel Swimming Association wadda aka kafa a 1927, da Channel Swimming and Piloting Federation. Karanta dokar sutura ta wadda za ka yi rajista da ita kafin ka sayi komai.

Tabarau ka sayi iri biyu, mai duhu na rana da fari na dare, kowanne da na ko-ta-kwana. Ka riƙa sa su a horo har su saba da fuskarka. Sabon tabarau ranar ƙetarewa babban kuskure ne. Sai basilin don hammata da wuya da tsakanin cinyoyi, man kare zafin rana, 'yan fitilu biyu masu ƙyaftawa waɗanda ruwa ba ya kashe su (ɗaya a bayan kai, ɗaya a ƙugu), gorunan sha masu faɗin baki, igiya doguwa, filas manya, garin ƙarfi na maltodextrin da ake damawa a sha, da maganin kurkure baki. Na bayan fitowa: tawul, riguna masu kauri da ba su da maɓalli, hular sanyi, safa, bargo, da bokiti, domin mutane da yawa suna amai a hanyar komawa.

Don horo kana buƙatar balan-balan mai launi da ake ɗaurawa a ƙugu don masu jirgi su hango ka, usur, da ma'aunin zafin ruwa. In ba ka samu balan-balan ɗin ba, hula ja ko ruwan lemo da abokin da ke bin ka a kwale-kwale sun wadatar. Wanda babu madadinsa shi ne abokin. Mutum ba ya shiga buɗaɗɗen ruwa shi kaɗai, ko da ya ƙware.

1. ZAƁI WANDA ZA KA TARA WA, KA RABA KUƊI GIDA BIYU

Wannan ne farko, tun kafin ka jiƙa ƙafa. Ka zaɓi aiki guda wanda za ka iya bayyanawa cikin numfashi ɗaya: rijiyar burtsatse a ƙauye kaza, keken guragu guda nawa, kuɗin makarantar marayu na shekara. Mutane sun fi buɗe hannu in sun san inda kuɗinsu zai sauka, kai ma a awa ta 10 cikin ruwa za ka buƙaci abin da za ka riƙe a zuciya.

Kuɗin jirgi da rajista da likita da masauki yana kai 'yan dubban fam na Ingila. Ra'ayina, ka biya shi daga aljihunka ko ka nemi ɗan kasuwa ya ɗauki nauyinsa da sunan ɗaukar nauyi, a fili. Kuɗin da jama'a suka bayar don marayu amana ne, kada kwabo ya shiga man jirgi. In ƙungiyar da kake tara wa tana da rajista a Ingila, buɗe shafi a JustGiving, dandalin tara gudummawa na intanet, kuɗin zai tafi wurinta kai tsaye ba tare da ya bi ta hannunka ba, kuma ta tsarin Gift Aid gwamnati tana ƙara fene 25 a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji a ƙasar ya bayar. In aikin a gida yake, Najeriya ko Nijar, a buɗe asusu na daban da sa hannun mutum biyu, kai ba ka ciki.

Ka kuma faɗa tun ranar farko cewa ko ka kai gaci ko ba ka kai ba, kuɗin zai tafi inda aka ce. Wannan magana tana ceton rai. Wanda yake jin bashin mutane a wuyansa yakan ƙi fitowa daga ruwa lokacin da ya kamata ya fito.

2. GA LIKITA, KA KAMA JIRGI

Hukumomin biyu suna neman takardar likita. Kada ka ɗauke ta a matsayin cika fom kawai: a duba zuciya da hawan jini, in kana da asma ko ciwon suga ko farfaɗiya ka faɗa.

Jiragen rakiya kaɗan ne, kuma akan kama gurbi shekara 2 ko 3 kafin lokaci. Matuƙin zai ba ka mako guda tsakanin ƙarshen Yuni da Satumba, da lamba a layi, na ɗaya zuwa na huɗu ko biyar. Nemi lamba ta ɗaya ko ta biyu, don iska takan cinye kwanaki kuma na ƙarshen layi yakan koma gida bai shiga ruwa ba. Masu iyo su kaɗai sun fi son kwanakin da cikar teku da janyewarta suke da rauni, wato lokacin da wata yake rabi. Wanda ya saba lissafin watan Musulunci zai gane da sauri: wajen 7 zuwa 9 ga wata, da wajen 22 zuwa 24. Lokacin tsayuwar wata da cikarsa ruwa ya fi ja. Ka yi wa matuƙi maganar fasfo da biza tun a wannan lokaci, domin za ka taka ƙasar Faransa.

In ba ka taɓa yin dogon iyo ba, kada ka fara da kai kaɗai. Shiga tawaga ta mutum 6, kowa awa ɗaya a ruwa bi da bi. Ƙungiyar Aspire, mai taimaka wa masu raunin laka, takan shirya irin waɗannan tawagogi duk shekara. Ko ka fara da tafkin Windermere da ke arewacin Ingila, wanda tsawonsa ya kai kusan kilomita 17, ba gishiri ba manyan jirage. 'Yar'uwar da ke son cikakkiyar sutura, irin waɗannan tafkuna sun fi mata sauƙi, don akwai tarukan iyo da ake yi a cikinsu da doguwar rigar roba.

3. GINA JIKI A KWAMIN IYO

Lokacin hunturu na kwami ne. Nemi mai koyarwa ya gyara maka bugun hannu tun da wuri, saboda kuskuren da ba ya damun ka a mita 500 shi zai tsinke maka kafaɗa bayan an maimaita shi sau dubbai. Koyi shaƙar iska ta dama da ta hagu duka; matuƙi zai sa ka a gefen jirgin da ya fi kare ka daga iska, ba gefen da ka fi so ba. Ka riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, mako uku kana hawa, na huɗu ka sassauta. In ka kai inda kake yin kilomita 3 cikin awa ɗaya ka kuma maimaita ba tare da ka galabaita ba, kana kan hanya. Zafin kafaɗa mai suka ba a haƙuri da shi, a huta a nuna wa mai gashin ƙashi na asibiti.

Wanda yake zaune a gida, kwamin otal ko na filin wasa ya ishe shi wannan mataki. Game da madatsun ruwa da tafkunanmu kuwa, ka yi hattara: ruwan da ba ya gudu a ƙasashenmu yakan ɗauki tsargiya, wasu wuraren da kada ko dorina, ga kuma komar masunta da ke shimfiɗe a ƙarƙashi. Tambayi Sarkin Ruwa da masuntan wurin, su raka ka da kwale-kwale, ka kuma riƙa gwajin fitsari. Amma ruwanmu ɗumi gare shi ko da hunturu, ba zai koya maka abin da ke mataki na gaba ba.

4. SABA DA SANYI

Ruwan mashigin a lokacin ƙetarewa yana tsakanin digiri 14 zuwa 18 a ma'aunin Celsius. A rubuce ba ya da ban tsoro. Ranar da na fara shiga tashar jiragen Dover a watan Mayu, ruwan bai ma kai haka ba. Ya kai mini gwiwa na ji kamar an ɗaure ƙafafuna da waya, da ya taɓa ƙirjina numfashi ya ƙwace, ina ta haki kamar wanda ya yi gudu, goshina yana sara. Minti goma na yi. Da na fito na kasa riƙe kofin shayi, rabinsa ya zube a kan safata.

Wannan hakin na farko shi ne haɗari mafi kusa, domin in kanka yana cikin ruwa lokacin da ya zo, ruwa za ka shaƙa. Don haka ba a tsunduma. Shiga da ƙafa a hankali, watsa ruwa a fuska da ƙeya, tsaya ruwa iya wuya kana fitar da iska a hankali har numfashi ya dawo hannunka, yawanci cikin minti ɗaya zuwa uku. Sannan ka fara iyo. Jiki yana koyo: bayan shiga biyar ko shida za ka ga hakin ya ragu sosai.

Daga nan sai ƙarin lokaci, mako bayan mako: minti 20, 40, awa ɗaya, biyu, har zuwa shida da bakwai a watan Yuni. A Dover masu shirin ƙetarewa suna taruwa a bakin ruwa Asabar da Lahadi tun daga Mayu, akwai masu sa kai da ke rubuta lambar kowa da miƙa abin sha. In kana nesa, ka shirya zuwa sansanin horo na mako ɗaya ko biyu a ruwan sanyi. Wanka da ruwan ƙanƙara a baho yana rage hakin farko, amma ba ya maye gurbin awanni a teku. Siriri kuma ya yarda ya ƙara ɗan nauyi. Kitsen da ke ƙarƙashin fata shi ne rigarka. Man da ake shafawa yana hana gogewar fata ne kawai, ba ya hana sanyi.

Akwai abin da sababbi ba sa tsammani. Bayan ka fito, sanyin cikin jiki yana ci gaba da sauka na ɗan lokaci, sai ka ga minti 10 bayan fitowa karkarwa ta kama ka fiye da lokacin da kake ciki. Saboda haka da ka fito, cire jiƙaƙƙen kaya nan take, goge jiki, fara rufe ƙirji da kai, sha abu mai ɗumi da zaƙi. Kada ka shiga wanka da ruwan zafi, yana iya sa jiri ya kwashe ka. Kada ka tuƙa mota sai karkarwa ta tsaya.

Ka koya wa abokanka alamun da ke cewa sanyi ya wuce wasa: magana tana lanƙwashewa, yatsu sun buɗe sun ƙi haɗuwa, mutum ya daina bin jirgi, an tambaye shi sunan 'yarsa ya tsaya tunani. Wanda ya kai nan ba ya sanin ya kai, zai ma rantse lafiyarsa ƙalau. Tari mai kumfa da ƙarancin numfashi kuma alama ce ta ruwa a huhu, a fito da shi a nemi likita.

Kafin a yarda ka ƙetare kai kaɗai sai ka yi gwajin awa 6 a ruwan da bai wuce wajen digiri 16 ba, da shaida. Na tawaga gwajinsu ya fi gajarta.

5. KOYA WA CIKINKA CIN ABINCI A RUWA

A nan na faɗi a yunƙurina na farko. Kwana biyu kafin tafiya wani ya ba ni wani garin ƙarfi da ban taɓa sha ba, ya ce ya fi nawa. Na karɓa, muka kuma dama shi da kauri. Daga awa ta biyar duk abin da na sha sai ya dawo. Ciki ba komai, sanyi ya samu ƙofa, a awa ta tara aka ciro ni ina hango fitilun Faransa. Laifin nawa ne, domin na san ƙa'idar: abin da ba ka gwada a horo ba, ba ya shiga bakinka ranar.

Yawanci ana sha bayan kowace awa a farko, daga baya kowane minti 30 ko 45. A dama garin da ruwan ɗumi, kofi ɗaya, kada ya yi kauri. Ana ɗaura gorar a igiya a jefo maka, ka juya rigingine, ka shanye, ka saki, ka ci gaba. Daƙiƙa 30 ta isa. Duk minti ɗaya da ka tsaya hira, ruwa yana ɗauke ka gefe, kuma an sha ganin wanda 'yan mintunan nan suka jawo masa ƙarin awanni. Ba a taɓa jirgi, ba a taɓa mutum. Ka taɓa, an soke.

In ba ka samu garin ba ko cikinka ya ƙi shi, shayi mai suga da zuma, ayaba, dabinon da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa, ko kunu mai ruwa-ruwa da aka tace suna aiki, muddin ka gwada su a iyo na awa huɗu zuwa sama. Gishiri yana kumbura harshe ya ɗaye baki, don haka ka riƙa kurkurewa da maganin baki da aka sirka da ruwa. Ka kuma saba yin fitsari kana cikin ruwa. Na jirgi za su riƙa tambaya, don daina shi alama ce mara kyau.

6. ZAƁI 'YAN JIRGINKA

Mutum biyu ko uku, waɗanda teku ba ta juya musu ciki, su sha maganin jiri tun daren. Jirgin yana tafiya ne da saurin mai iyo, yana ta tangaɗi, har jarumai sukan kwanta. Ɗaya yana dama abin sha, ɗaya idonsa ba ya barin kanka, yana ƙirga bugun hannunka a minti yana rubutawa. In adadin ya faɗi ƙasa da yadda ka saba, shi zai fara sani. Uwa ko mata ko miji sau da yawa ba su dace ba, tausayi zai hana su aiki. Ku yi yarjejeniya a tudu: maganar matuƙi ita ce ta ƙarshe, in ya ce a fito an fito. Batun sallolin da za su riske ka a ruwa, ka tambayi malaminka tun kafin tafiya don zuciyarka ta natsu.

7. RANAR ƘETAREWA

Matuƙi zai kira ka da yamma ya ce gobe, wani lokaci ƙarfe biyun dare. Jirgi zai kai ka kusa da Shakespeare Beach ko Samphire Hoe, wurare biyu a bakin teku kusa da Dover, ka sauka ka yi iyo zuwa tudu, ka fita daga ruwa gaba ɗaya, ka ɗaga hannu, a busa ƙaho. Akwai wakilin hukuma a jirgin yana rubuta komai.

Kada ka fara da gudu. Kada ka ɗaga kai kana neman Faransa, kada ka waiwayi fararen duwatsun Dover, dukansu suna yaudarar ido, awanni za su wuce kamar ba ka motsa ba. Ka yi iyo daga sha zuwa sha kawai. Hanyarka ba za ta miƙe ba, ruwa yana kai ka gefe kusan awa shida ya dawo da kai, shi ya sa zanen tafiyar yake lanƙwasa kamar maciji kuma nisan ya wuce kilomita 34. Manyan jiragen dakon kaya za su wuce, wannan aikin matuƙi ne. Za ka gamu da halittun nan masu kama da lema da ke harbi. Zafin kamar na ƙaiƙayi mai ƙuna ne, yakan lafa, ka gaya wa 'yan jirgi ka ci gaba.

Wuri mafi wuya yana kusa da ƙarshe. In ruwa ya juya kafin ka kama Cap Gris-Nez, zai share ka ya wuce da kai, tudu yana gabanka yana nisa. Idan matuƙi ya ce yana son awa ɗaya ta ƙarfi, ba wasa yake ba, ka ba shi duk abin da ya rage. Shi ya sa a horo nake ƙarasa kowane dogon iyo da rabin awa mai sauri.

In ka taɓa ƙasa, kada ka miƙe da sauri, ƙafafu sun manta nauyi. Rarrafa in ya kama. Sai ka fita inda babu ruwa a gabanka, ba wanda ya taɓa ka, sannan a tsayar da agogo. Mintuna kaɗan za ka yi a can. 'Yan jirgi su shirya bargo da hula kafin ka hau.

8. MAYAR WA MUTANE DA LABARI

Jiragen suna da na'urar da ke nuna inda suke a intanet. Ka ba mutum ɗaya a tudu aikin tura hoton taswirar da gajeren bayani a WhatsApp da Facebook duk bayan awa biyu, domin gudummawa ta fi shigowa lokacin da kake cikin ruwa da kwana biyu bayan haka. Bar asusun a buɗe mako biyu ko uku. Sannan ka fitar da lissafi: nawa aka tara, ranar da aka miƙa, takardar shaidar karɓa. In rijiya ce, ka koma bayan an gama ka ɗauko hoton ruwan yana zuba, ka aika wa kowa, har wanda ya ba da naira 500. In kuma ba ka kai gaci ba, ka faɗi awa nawa ka yi da abin da ya faru, ka miƙa kuɗin a ranar da ka yi alkawari, ka huta wata guda kafin ka sake kiran matuƙi.